Agogon da Aka Kwashe wa Ciki

Tsohuwar ta ajiye agogon a teburin Sufeto. Na mata ne, bai fi maɓallin riga ba.

"Na mahaifiyata ne, ɗana. Shekara hamsin ina murɗa masa kai kowace safiya. Na kai shi wanki, ya dawo yana tafiya ba a murɗa ba. A dawo mini da cikinsa."

Sufeto ya sa aka buɗe. Batir ne da injin roba. Murfin kuma duk sabon karce ne, sai ka ce kaza ta yi tono.

Sufeto ya tafi shagon gyaran tare da Kofur. Mai gyara dattijo ne, hannayensa na ƙarƙashin tebur.

"Haka aka kawo shi, ranka ya daɗe."

"Har da karcen?"

"Shekarata arba'in a sana'ar nan, ban taɓa karce agogo ba."

Ƙanensa, mai sayar da madaurin agogo a gefen shagon, ya yi caraf ya ce, "Ni na canja, na sayar da cikin. Ku ƙyale Yaya."

Sufeto ya daɗe a aiki, amma bai taɓa ganin ɓarawo mai gaggawar amsa laifi haka ba. Ya tura masa agogon.

"To, buɗe mu gani."

Ƙanen ya juya, ya sake juyawa, ya rasa ta ina ake farawa.

Sufeto ya dubi dattijon. "Baba, nuna masa."

Dole hannayen suka fito. Rawa suke yi. Sukudireban da ya ɗauka ya zame, ya ƙara wa murfin karce, ya faɗi ƙasa.

Dattijon ya jawo kwalin ashana daga aljihu. Tsohon injin na ciki.

"Akwai wata waya da ta fi gashi siranta, ita ce ransa. Hannuna ya fizga, ta tsinke. Shekara guda ina ɓoye ciwon nan. Wa zai ba mai rawar hannu agogo?"

"Zai gyaru?"

"An daina ƙera irinta tun ban yi aure ba."

Sufeto ya ji duniyar ta ishe shi. Ya samo kayan, ya kama mai laifi, kuma babu wanda zai amfana.

Kofur ya sa wa dattijon ankwa. Tun daga shago ƙarfen ke ƙara saboda rawar hannunsa, maƙwabta suna leƙe.

"Cire masa," in ji Sufeto.

"Bar shi, ranka ya daɗe," in ji dattijon. "Ai sun riga sun gani."