Gurbi Na Goma

Ruwa ya kai mata gwiwa, rana ta take tsaka, amma Salma ba ta da izinin fita daga gonar shinkafar nan. Igiyar gwangwanaye ce a hannunta, tana ja tana ihu, tsuntsayen jan-baki na tashi kamar hayaƙi su sake sauka a ɗaya gefen. Tun hantsi ba abin da ya shiga cikinta, matsattsaku biyu ta ɓamɓare daga ƙaurinta, jinin yana bin ruwa. Kwana goma sha ɗaya ke nan da kogin Haɗeja ya ɓalle jinga ya kewaye Unguwar Umara, ba mota ba babur, kwalekwale ma sai ya yi ta fama da ciyawar kacala kafin ya fita. Allah sarki marainiya! Ba yunwar ce ta fi cin ranta ba... sunanta ne da ke rataye a jerin masu jiran gurbin jami'a.

A cikin kacalar nan mahaifiyarta ta cika. Naƙuda ce ta zo mata da gardama a wata damina irin wannan, aka sa ta a kwalekwale za a kai ta asibitin Haɗeja, hanya ta toshe, ta tafi da abin da ke cikinta. Salma na da shekara biyar, tana riƙe da ɗan yatsanta. Uban bai shekara ba ya bi ta. Ƙanensa, Baffa Shu'ibu masunci, shi ya ɗauke ta, kuma ranar da ya kai ta firamare tare da 'yarsa ya ce a rubuta sunansa a bayan nata, don kada wani ya taɓa ce mata marainiya. Su biyun kuwa sunan kakarsu suka ci, Ummussalma. Matar Baffa, Inna Gambo, ba ta iya faɗin sunan surukarta, sai take kiran tata Ummi, ita kuwa wannan ba ta da suna a bakinta sai "ke 'yar nan". A takarda dai duk Ummussalma Shu'ibu ne.

Tare suka zana jarrabawar shiga jami'a, dukansu aikin jinya suka nema. Jerin farko ya fito babu su. Aka ce za a ƙara gurbi goma daga masu jira: Salma ce ta goma, Ummi ta sha ɗaya. Ana cikin haka jami'ar ta aiko wa kowaccensu tayin wani fanni, ilimin tsirrai. Wadda ta karɓa ta fita daga jerin jinya ke nan, babu komowa. Wadda ta ƙi kuma, in jerin ya tsaya kafin ya iso kanta, ta yi asarar shekara. Salma ba ta da waya. Misbahu, yayan Ummi, shi ya yi musu rajista, shi ya rubuta lambobinsu da kalmomin sirrinsu a bayan kwalin shayi ya soke a aljihu.

Da la'asar ta dawo gida ƙafafunta sun yi fari sun tattare, ta tarar da Inna Gambo da 'ya'yanta a tsakar gida kan buhunan yashi suna jiranta.

"Ke 'yar nan," in ji Inna Gambo, "jibi za a rufe. Ki ce wa yayanki ya karɓar miki tsirran nan a huta."

Salma ta durƙusa. "Inna, don Allah a bar ni in jira. Na yi istihara, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na yi wa Ummana alkawari a kan kabarinta..."

"Kabari ne zai ba ki gurbin?" Misbahu ya sheƙe da dariya. "Ke da kika yi digiri a kacala tun kina goye, ai tsirrai gadonki ne! Ji ƙafa kamar ta kwaɗo, wai ita ce za ta sa fararen kaya. Wace mai jego ce za ta yarda ki taɓa mata jariri?"

"Yaya, ko na rasa, na yarda. Ni dai kada a danna mini abin da ban zaɓa ba. A bari Baffa ya dawo."

"Baffanki yana can Kirikasamma ruwa ya tsare shi," Ummi ta ce tana gyara lallen hannunta. "Ke ba ki da kunya? Gidanmu kika ci kika sha, sunan ubana kika ara, yanzu kuma ki tsaya a gabana a layi?"

Hawayen Salma suka yi ta ɗiga kan yashi. Ina za ta? Gabas ruwa, yamma ruwa, hanyar da za ta kai ta ga shafinta na jami'ar a intanet kuma tana aljihun Misbahu!

Washegari da hantsi tana gona ta hango shi a kan ragowar jinga, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa. Ya ɗaga wayar sama, ya sauke, ya ciro kwalin shayin da ya sha ruwa ranar da suka yi aikin tare ɓarakar jingar, ya ƙura masa ido, ya juya shi, ya sake ƙurawa. Ta saki igiya ta nufe shi da gudu cikin ruwa, tana faɗuwa tana tashi. "Yaya Misbahu! Don girman Allah! Don darajar iyayenka!" Kafin ta iso ya mayar da wayar aljihu.

"An gama," ya ce. "Ummussalma Shu'ibu ta karɓi tsirrai. Ki koma, tsuntsaye na cinye mana shinkafa."

Nan ta zube cikin laka. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta ɗaga hannuwanta ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata... Umma, ki yafe mini, na kasa." Wayyo! Ko jan-bakin da ke kan zangarniya ba su tashi ba.

Mako uku ta yi tana jan igiya kamar wadda aka zare wa rai. Zazzaɓi ya kama ta, Inna Gambo ta ce lalaci ne. Sai ga labari ya shigo gari cewa jeri na biyu ya fito, kuma akwai Ummussalma Shu'ibu a jinya. Guɗa ta tashi a gidan! Aka soya wainar shinkafa aka raba wa maƙwabta, Salma ce ma ta yi daka. Tela ya auna Ummi. Inna Gambo na bin gida-gida tana cewa ta haifi likita.

Da ruwa ya fara ja, Baffa Shu'ibu ya dawo da kwandon bandar kifi. Aka ce masa Salma da bakinta ta zaɓi tsirrai. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, don Inna na tsaye a bayansa. Ya ce to gobe kowa ya shirya, a je Haɗeja a ciro wa yaran takardunsu.

Shagon Malam Haris mai kwamfuta cike yake da ɗalibai da iyayensu. Misbahu ya miƙa kwalin yana taƙama. "Ta sama ita ce ta jinya, a fara da ita."

Malam Haris ya kai kwalin kusa da ido. "Wannan ai tawada ta narke, malam. Da ƙyar lambobin ke karantuwa, alamar da ka yi a gefe kuwa ta shafe." Ya buga, ya jira. Allon ya buɗe: aikin jinya, ana jiran amsa. A gefe ga hoto ya fito tangaran, doguwar fuska, ɗan tabo a goshi.

Kowa ya leƙo allon. Hoton Salma ne!

"Kuskure ne!" Inna Gambo ta daka tsawa. "Buɗe ɗayar!"

Ya buɗe. Ilimin tsirrai, an karɓa mako uku da suka wuce. Hoton Ummi, tana murmushi.

"Hajiya, wannan an riga an danna, ba ya warwaruwa," in ji Malam Haris. "Wanda ya danna bai ga hoto ba ne?"

"Hoton bai buɗe ba!" Misbahu ya faɗa gumi na keto masa. "A kan jinga nake, waya ba ta kamawa sosai, sunan kuma iri ɗaya! Wallahi na 'yar nan na yi niyyar..." Sai ya kama bakinsa. Ina! Magana ta riga ta fita, kowa ya ji.

Ummi ta ƙwalla ƙara ta cakumi rigarsa. "Ka kashe ni, Yaya! Inna, ba ke kika ce ya yi sauri ba?" Inna Gambo ta ja mayafi ta rufe fuska, mata na nuna ta da baki.

Baffa Shu'ibu ya dubi Misbahu, ya dubi Ummi. Ya ce, "Sunana na ba ta don in rufa mata asiri. Ashe shi Allah zai sa ya tsare ta daga 'ya'yan cikina." Ya juya ga Salma idonsa jawur. "Uwata, ki yafe mini. Ina can ina bin kifi, na bar amanar ɗan'uwana a ruwa."

"Baffa, ba ka yi mini komai ba sai alheri," ta ce tana kuka.

Malam Haris ya tura mata linzamin kwamfutar. "Yau ce ranar ƙarshe, 'yammata. Ba mai taɓa miki. Da hannunki."

Ta ɗora yatsanta da ruwa ya cinye, ta yi bismillah, ta danna.

Ranar da za ta tafi rajista, Baffa da kansa ya tuƙa ta a kwalekwale zuwa bakin titi. Inna Gambo tana gidan iyayenta a Kafin Hausa, ya ce ta je ta yi tunani. Ummi na ɗaki ta ƙi fitowa, duk da Salma ta tsaya a ƙofa ta yi mata sallama har sau uku. Da suka zo mashigar da kacala ta fi kauri, Baffa ya tsayar da gora, suka yi wa mahaifiyarta addu'a. Salma ta shafa ta ce a hankali, "Umma, zan dawo. Ba wadda za ta sake mutuwa a nan ina da rai, in Allah ya yarda."

Daga can cikin gona ƙarar gwangwanaye ta taso. Misbahu ne tsaye cikin ruwa har gwiwa, wayarsa na kulle a akwatin Baffa, yana jan igiya yana ihu, jan-baki na tashi su sake sauka a bayansa.