Ƙayar da Tabawa Ba Ta Ɓoye Ba

A wani zamani, a wani gari, an yi wata mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Yatsunta suka kumbura, har yumɓu ya gagare ta. Sai ta je wurin wata likita mai binciken magani.

Likita ta ce, "Inna, a jininki akwai ƙananan masu gadi, kowanne da kunnuwan jin kiran ciwo. Yatsunki suna ta kira babu dalili, su kuwa suna ta taruwa. Taron nan shi ne kumburin. Ga sabon magani mai toshe musu kunne. Duk abin da kika gani, ki gaya mini."

Tabawa ta sha, kumburi ya sace, ta koma gininta. Ran nan ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Ta san in ta faɗa, za a karɓe maganin. Ta dubi yatsunta, ta dubi ƙafarta, ta tafi ta faɗa.

Likita ta ce, "Ashe duk kunnuwan na toshe, har ba su jin kiran gaskiya."

Aka karɓe magani, kumburi ya dawo. Damina uku Tabawa tana jira, kafin likita ta samo wanda ke toshe kunne ɗaya tak, na jin kiran yatsun.

Tabawa ta sha, ta warke. Randar farko da ta gina, ta kai wa likita, tana ta godiya.

Likita ta ce, "Inna, ni ce da godiya. Da kin yi shiru, da mutum dubu sun sha na farkon."