Fansar Isyaku Ɗan Sarki

A zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsun kudu, tun ba a yi gadar Wudil da motocin gyaɗa ke bi yau ba, Sarki Gwadabe, mai wani ƙaramin birni kusa da Darki, ya rasu da tsakiyar damina. Ya bar 'ya'ya biyu, Ciroma Halliru da ƙanensa Isyaku, fadawa suka rabu a kan wanda za a naɗa.

A daminar nan kogi ya cika ya tare wani ayari. Cikin ayarin akwai wani tsoho Banasare, wato Kirista, mutumin Masar, ana ce masa Jirjis. Aka sauke shi gidan Isyaku, Safara'u matar Isyaku ke aika masa tuwo.

Ana cikin gardamar gadon sarauta, mahara suka kwashe manoma daga gonakinsu. Suka aiko cewa ba za su sake su ba sai an ba su jinin sarauta guda ya zauna hannunsu har a kawo kayan fansa. A fada aka rasa wanda zai tafi.

Ran nan da la'asar Liman da 'ya'yan sarki suka zo gaida baƙo. Safara'u tana kaɗi a bayan zana, tana jin su. Liman ya tambaye shi abin da mutanensa ke faɗi game da Annabi Isa.

Jirjis ya ce, "Allah gafarta malam, mu a wurinmu Almasihu sarki ne da aka daɗe ana jira. Mutane sun zaci zai zo da dawaki da takobi. Sai ya zo ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ba da ransa fansar jama'a, ya kuma tashi daga matattu."

Liman ya ce, "Mu ba haka muka karanta ba. Ba su kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Amma baƙo ya faɗi nasa."

Halliru ya yi dariya. "Sarki ba doki? Wa zai faɗi ya gaishe shi?"

Isyaku bai taya shi dariyar ba. Wannan ne ya tsinka wa Safara'u zare, don ta san mijinta.

Da ya shigo cikin gida ta tare shi. "Maigida, maganar baƙo ce ta shige ka?"

Ya ce, "Musulmi nake, a haka zan mutu. Amma yau na ji abin da ake nufi da sarki. Yaya ya ɗauki rawani, ni zan tafi."

Da safe ta leƙa zaure ta ce wa tsohon, "Baba, ka ci tuwona, ka kai mini miji dutse!"

Jirjis ya sunkuyar da kai. "Uwar gida, tambayata aka yi."

Isyaku ya tafi, manoma suka dawo, aka naɗa Halliru. Safara'u ba ta zauna kuka ba. Ta tara matan da aka fanso mazansu suka duƙufa kaɗi, masaƙa suka saƙa, marina suka rina, har aka haɗa kayan fansa bayan kaka. Sarki Halliru da kansa ya raka kayan. Da shugaban mahara ya ce ba su isa ba, ya sauka daga ingarmansa ya miƙa linzami.

An ce da Safara'u ta hango su a ƙofar gari, wa da ƙane suna tafe a ƙasa, ƙura har gwiwa, sai dariya ta ƙwace mata cikin hawaye. Talakawa suka zube suna gaisuwa, ba a san wanda ake gaidawa a cikinsu ba.

Haka tsofaffin Darki suka riƙe labarin. Baƙon ya riga ya bi ayarinsa, bai ga ƙarshen zancensa ba. Halliru ya daɗe a kan mulki, Isyaku ya tsufa a gonarsa tare da Safara'u. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Amma duk hawan da Halliru ya yi a sarautarsa an manta, ranar da ya dawo gida a ƙasa ce ake tunawa.