Ƙafa Ashirin da Huɗu, Doki Arba'in

Ranar Lahadi ce, farkon watan Mayu. Ƙanƙarar tafkin ba ta daɗe da narkewa ba, iska kuma da sauran sanyinta.

A gidan katakon da ke bakin ruwa, can arewacin Minnesota, Mama Darlene ta tara iyalinta bayan an taso coci. Ga ɗanta Rolf da matarsa da yaransu uku, ga 'yarta Marit da mijinta Arlen. Aka ci soyayyen kifi da dankali, aka zuba kofi, sannan ta kawo maganar da ta tara su.

Tsohon jirgin gidan ya gama aiki. Fantun ne, faffaɗan dandamali a kan dogayen gangunan alminiyom biyu, da shinge kewaye da kujeru, da rumfa a sama. Ganga ɗaya ta tsage da hunturu. Kowa ya riga ya zuba abin da ya sawwaƙa, saura zaɓe. Kuma dole sabo ya sauka ruwa kafin huɗu ga Yuli, ranar da gidajen tafkin ke yi wa jiragensu ado da tutoci su zaga a jere.

Rolf ya ture kofinsa gefe. "Ni na riga na gani. Tsawo ƙafa ashirin, inji mai ƙarfin doki ɗari da hamsin. Ka ɗaura wa yara tiyub ɗin taya a baya su hau, ka ba shi wuta, sai an ji ihunsu a wancan ƙetaren!"

Arlen ya ce, "Mutum nawa yake ɗauka?"

"Tara. Goma in an matsa."

"Ƙofarsa fa? Keke zai shiga?"

 Kowa ya san keken da yake nufi, keken guragu. Mahaifiyar Arlen, Mama Verna, ta yi shanyewar ɓarin jiki bara waccan. Mace ce da ta tsufa da fatsa a hannu, amma tun da ciwon ya kayar da ita ba ta sake hawa ruwa ba.

Mama Darlene ta yi murmushin nan nata mai laushi. "Haba Arlen. Ai Verna ta fi sakewa a baranda. Daga nan ana ganin faretin sarai, ga inuwa, ga banɗaki kusa."

"Akwai mai ƙafa ashirin da huɗu," in ji Arlen. "Ƙofarsa faffaɗa ce, tsakiyarsa da fili."

Rolf ya tuntsire da dariya. "Da wane injin? Abin da muka tara ba zai sayi tsawo da ƙarfi tare ba, angon ƙanwata. Ko falo za ka saya mana, mu riƙa tura shi da cokula?"

Arlen ya dubi matarsa. Marit ta zuba wa kofinta ido. Ba ta saba musa wa uwarta a kan tebur ba, shi ma ya sani. Amma ranar abin ya tsaya masa a wuya.

A mota ya fashe.

"Kina zaune aka ce a ajiye uwata a baranda kamar tukunyar fure, ko tari ba ki yi ba!"

"Zan yi wa Mama magana, Arlen. Mu biyu, a kicin. Haka ake shawo kanta."

"Yaushe? In an gama sayen na Rolf?"

"Ka ba ni lokaci, don Allah."

Bai ba ta ba. Tsakiyar mako ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya ce ta shirya su je wurin mai sayar da jirage. Kuɗin karo-karon a hannunsa suke, don shi aka yarda da shi da riƙo. Bai kira Rolf ba.

Jirgin yana nan a kan tirela, dogo, fari. Arlen ya auna ƙofar da tef, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Mai sayarwa ya ce in dai tsawon nan ake so a wannan kuɗin, sai dai a ɗaura masa doki arba'in.

"Zai tafi?" in ji Arlen.

"Zai tafi mana. In ruwa a kwance yake."

Marit ta ja hannun rigar mijinta zuwa gefe. "Tsawon ya yi, ƙofar ma ta yi, ina bayanka a kansu. Amma injin ya yi kaɗan. Mutum goma sha ɗaya ne fa in Gwaggo da mijinta sun zo, ga keke, ga kulolin abinci. Tafkinmu iskar yamma gare shi. Jirgi mai shinge da rumfa, iska ɗaukarsa take kamar faifai. Ko doki casa'in ne mu nema, ko da na hannu ne. Mu kira Yaya Rolf mu zauna."

Arlen bai ji "ina bayanka" ba. "Rolf" kawai ya ji.

"Ashe ke ma tasu ce."

"Arlen!"

"Tun ranar Lahadi na gane. Gudu kuke so, ku ba ruwanku da wanda aka bari a tudu."

Ya juya ya sa hannu a takarda. Marit ta koma mota, ta kifa kai a gwiwa tana kuka mara sauti.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Rolf ya buga waya ya zazzage masa ta cikinsa, ya ce ya sayi akwatin gawa mai kujeru, kuma shi ƙafarsa ba za ta taka shi ba. Mama Darlene kuwa ta daina aiko musu da kek ɗin Lahadi. A gida kuwa magana ta koma ta gishiri da makulli. Marit tana dafa abinci, tana kai Mama Verna asibitin gashin ƙashi duk mako kamar yadda ta saba, amma dariyarta ta ɗauke. Ƙarshen Yuni ta haɗa 'yar jaka ta ce za ta gidan tafki ta taya uwarta shiri. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, shi kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Ya zauna shi kaɗai yana saƙa da warwara. In ya buɗe kabad ya ga rabin ratayar babu kaya, sai gabansa ya faɗi. Ya san auren abokansa biyu da ya mutu, kuma duk da irin wannan shirun suka fara.

Huɗu ga Yuli ta zo da rana tas. Arlen ya turo keken mahaifiyarsa a kan gadar katakon da ake ɗaure jirgi, ya shigar da ita ta ƙofar ba tare da ko gogar shinge ba. Tsohuwa ta shaƙi ƙamshin ruwa, ɓarin bakinta mai motsi ya yi murmushi. Marit ce ta sa mata rigar ceto, ta ɗaure keken da igiya a jikin kujera. Ta yi wa mijinta sannu kamar baƙo.

Rolf ya tura matarsa da yara, shi ya tsaya a gada da gwangwanin lemo a hannu.

"A sauka lafiya, Kyaftin! In kun iso kafin Kirsimeti ku same ni a nan!"

Aka shiga layi. Da farko lafiya lau, don fareti ba gudu ake yi ba. Yara na kaɗa tutoci, mutanen gaɓa na tafi. Arlen ya saci kallon surukarsa, ya ga har ta miƙa wa Mama Verna yankan kankana. A ransa ya ce, to, wa ya yi gaskiya?

Suna can ƙarshen tafkin na gabas sai sararin yamma ya canza, ya yi wani duhu mai ratsin kore. Iska ta fara da kaɗa tutoci, kafin a ankara ta kwashe faranti da huluna. Jiragen layi suka watse. Masu manyan injuna suka ɗaga hanci, kowa ya nufi gadarsa, cikin ɗan lokaci sun zama ɗigo.

Arlen ya juya sitiyari ya fuskanci gida, ya tura wuta har ƙarshe. Injin ya yi kururuwa iya ƙarfinsa. Ya dubi wani dogon itace a gaɓa don ya auna tafiya. Itacen yana nan inda yake. Can ma sai ya ga kamar gaba yake yi ya bar su.

Baya suke tafiya. A bayan nan kuwa duwatsu ne jere, ruwa na dukansu yana fari.

"Arlen, me ya sa ba ma motsi?" in ji Mama Darlene.

Arlen ya ƙara damƙe sitiyari.  Iska ta doki hancin jirgin ta karkatar da shi, igiyar ruwa ta hau dandamali ta share ƙafafun mutane. Ƙaramar 'yar Rolf ta ƙwala ihu. Gwaggo ta fara addu'a da ƙarfi.

Marit ta miƙe. A tafkin nan ta girma.

"A naɗe rumfar nan, ita ke jan mu! Kawu, kama wancan ƙarfen! Yara, ku bar gaba, kowa ya dawo tsakiya ya zauna a ƙasa! Arlen, kar ka ba ta gefe, riƙe hancin cikin iska!"

Aka naɗe rumfa, ruwan sama ya sauko musu kai tsaye. Jirgin ya ɗan daidaita, amma gaba dai babu. Wata igiyar ta zo da ta fi ta farko, igiyar da aka ɗaure keken ta kwance, keken ya zame ya nufi ƙofa da tsohuwa a kai.

"Mama!"

Ba halin Arlen ya saki sitiyari. Marit ce ta faɗa da gwiwoyinta ta tare keken da ƙirji, hannunta ya matse tsakanin taya da shinge. Arlen ya ji ƙarar da ta yi. Ba ta saki ba. Ta rungume ƙafafun surukarta, ta tokare da ƙafa a gindin kujera, tana cewa, "Ina riƙe da ke, Mama. Ba inda za ki."

Arlen ya dube ta, ruwa da hawaye sun haɗe masa a fuska. Matar da ya ce ba ruwanta da uwarsa ke nan.

Duwatsun sun matso har ana ganin gansakukar jikinsu lokacin da suka ji wani ƙugin inji daban. Rolf ne a kwalekwalensa na kamun kifi, mai doki casa'in, yana tsalle a kan ruwa, ya jiƙe sharkaf. Ya zagayo ya wurgo igiya.

"Ɗaura a gaba, Kyaftin! Kuma kar ka kashe wannan injin markaɗen naka, ko yaya ne ya taimaka!"

Injuna biyu suka haɗa ƙarfi. A hankali duwatsu suka fara ja da baya.

A gida aka hura murhu. Mama Darlene da kanta ta cire wa Mama Verna jiƙaƙƙun kaya, ta lulluɓe ta da bargon gadonta, ta riƙe mata kofi a baki. Matar Rolf ta naɗe hannun Marit, yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi. Arlen ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da sata.

Mama Verna ta yafito shi da hannunta mai lafiya. Maganarta a hankali take fita tun ciwon, sai kowa ya kasa kunne.

"Yarinyar nan ta gaya maka injin ya yi kaɗan?"

"Ta gaya mini, Mama."

"Ka ce me?"

Ya sunkuyar da kai.

"Don ni ka yi, na sani. Amma da ka kashe mini jikokin mutane saboda ni, da wane ido zan dubi Darlene? Wawa kawai. Ubanka ma haka yake, in ya yi gaskiya a abu ɗaya sai ya ɗauka ya yi a goma."

Mama Darlene ta ajiye kofin. "Ni ma da nawa, Verna. Maganar barandar nan ba ta dace ba. Marit ta yi ta bina da ita tun da ta zo, har na gaji na ce a bar miki wurin da ya fi kyau a jirgin."

Arlen ya ɗago kai. Wannan bai sani ba. Ya taka ya durƙusa gaban matarsa, a gaban kowa.

"Marit, na zalunce ki. Ki yafe mini. Ki dawo gida."

Ta dube shi ta daɗe, hawaye na bin kumatunta. "Da ma jira nake ka tambaya," ta ce. "Amma wanke-wanke naka ne har yatsun nan su warke."

Rolf ya yi gyaran murya daga wajen murhu. "To, tunda an fara rabon laifi. Ƙofar ta yi, ban musa ba. A nawa da keken bai ma shiga ba. Ni kaɗai nake fita kamun kifi, doki casa'in ya yi mini yawa. A ɗaura shi a falon naka, ka ba ni injin markaɗen. Amma ka sani, duk kifin da ya tsere mini bana, kai ne."

Abin ke nan. Jirgin iyali, tsawonsa a auna shi da mutanen da za su hau, ƙarfinsa kuma da iskar da za ta same su a hanya. Aure ma haka. Wanda ya mai da shawarar matarsa gaba, ranar hadari zai gane kurensa. Marit ta yi haƙuri da uwa da miji duka, ba ta zagi kowa ba, kuma ta samu duka biyun.

Washegari da sassafe Arlen ya dafa kofi, ya ajiye wa Marit nata a gefen gado. Ya ɗauki akwatin sifanu na kwance inji, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin Rolf.