Telan Layin Kanti

Ku matso. Kai Sagiru, in za ka yi kuka tashi tun yanzu, ba ni da lokacin lallashi.

Kun tuna Ilu mai gyaran keken ɗinki, wanda ya zauna a shagon zauren Baba? Ba mata, ba ɗa. Tun da matarsa ta rasu ya rataya jakar aikinsa a kafaɗa, yana bin gari gari.

Wata rana motarsu ta lalace a wani tsohon garin jirgin ƙasa. Fasinjoji suka zauna a tasha, kowa da abokin hirarsa. Shi ba shi da kowa, sai ya ce bari ya taka ya ga gari.

Ƙafa ta kai shi Layin Kanti. Benaye ne na zamanin Turawa, kanti a ƙasa, wurin kwana a sama. Duk a rufe. Kwaɗuna sun yi tsatsa, jemagu sun gaje tagogi. Ko akuya babu. Ga almuru ta kawo jiki.

Sai ya ji ƙarar keken ɗinki. Kat-kat-kat, ta tsaya. Kat-kat, ta tsaya. Kunnen mai sana'a! Nan take ya san allura ce ke karo.

A barandar kanti na ƙarshe ya tarar da wani tsoho da farin yadi a gabansa.

"Salamu alaikum, Baba."

Tsohon bai amsa sallamar ba. Cewa ya yi, "Ka daɗe a hanya. Zauna."

Da ku ne, da kun ruga. Amma Ilu ya manta rabon da wani ya ce masa zauna. Ya zauna, ya kwance allurar, ya maƙale ta a leɓe kamar yadda ya saba, ya shiga aiki.

Tsoho ya yi ta zuba. "Wancan kantin na Baturen gyaɗa ne, nan raƙuma ke durƙusawa. Na kusa da shi na wani Kwara ne, Balarabe mai atamfa. Ka sayi yadi a ciki, ka fito baranda mu ɗinka maka. Mu goma sha ne a layin nan. Da jirgi ya daina zuwa, kowa ya watse."

"Kai fa, Baba?"

"Ni ban samu mai kirana ba."

Wallahi maganar ta taɓa zuciyar Ilu, har ya ji ƙwalla.

"Tashi in gwada ka," in ji tsohon. "Ladanka riga ce."

Ilu ya matso. To, duk tela daga kafaɗa yake fara awo, ko ba haka ba? Wannan a tsakar kai ya ɗora igiyar awon. Ya sake ta har yatsan ƙafa, ya ƙara taƙi guda. Bai auna hannu ba. Bai auna wuya ba.

Tufa ɗaya ce ake wa wannan awon, kuma mai ita ba ya tsaye.

Ilu ya durƙusa kamar zai duba bel ɗin keken. Abin takawa na motsi a hankali, sama, ƙasa. Ba ƙafa a kansa. Ƙarƙashin rigar tsohon babu komai.

"Mayar da allurar," in ji muryar daga samansa. "Yanzu zan gama. Wa zai neme ka?"

Ilu ya lalubi suna ko ɗaya a ransa, bai samu ba.

"Man keke ya ƙare, Baba," ya ce ta gefen baki. "Bari in karɓo a tasha."

"Ina nan."

Bai waiwaya ba. Yana tafe yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, allura na nan a leɓensa, har ya hango fitilun masu shayi.

Ya tsira, kuka ce? Uhm. Ni da idona na sha ganinsa da magariba, zaune shi kaɗai, yana juya wata baƙar allura a tafin hannu. Na taɓa tambayarsa. Ya ce, "Uwani, tun daga ranar ba wanda ya yi hira da ni kamar tsohon nan."

Mu kuwa muna wuce shi kullum, daga sannu sai sannu.

Bara da kaka Ilu ya kulle shagon. Ya ce wa Babanmu akwai kayan mutane a hannunsa, zai je ya mayar. Jakar aikinsa tana nan rataye, bai ɗauka ba.

Don haka in hanya ta kai ku garin, ko da rana tsaka, kada wanda ya bi layin nan shi kaɗai. In kuka ji keke na kuka a kangon kanti, ku wuce. Yanzu kekuna biyu ake ji.