Motar Kamilu Ba Ta Da Aljani

"Ɗan Iya mai unguwa ne ya kashe min ɗa. Rubuta haka, tun da ku kun iya rubutu."

Tsohuwar da ta faɗi wannan ba ta yi sallama ba, ba ta kuma nemi wurin zama ba. Ta dafa kantar ofishin 'yan sanda da hannu biyu, ƙafafunta butu-butu da ƙasar gona. Kofur ya buɗe baki zai kore ta, sai Sufeto Abdulkabir ya leƙo daga ofishinsa ya ɗaga masa hannu.

"Inna, shigo ki zauna. Yaya sunanki?"

"Zuliha. Daga Tudun Kanya, can bayan Makoɗa. Ba zama na zo yi ba. Yau sadakar uku. Na baro mata cike da tsakar gida suna ta ba ni haƙuri. Ni ba haƙuri na rasa ba, ɗa na rasa."

Da ƙyar Sufeto ya tsinci labarin a cikin faɗanta. Ɗan nata Kamilu manomin gyaɗa ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. Shekara biyu da suka wuce ya sayo wata tsohuwar Marsandi, 'yar Jamus, wadda ta girme shi, matacciya murus. Da rani, gonaki ba shuka, aka jawo ta da shanun huɗa har bayan gidansu. Bai taɓa kiran bakanike ba. A waya yake kallon yadda ake gyara, ya kwance ya ɗaura da hannunsa. Ranar Talata bayan azahar, ita da matarsa suna gidan suna a ƙauyen gaba, aka tsince shi a ƙarƙashin motar, ta danne masa ƙirji.

"Kafin in dawo an yi masa wanka an naɗe. Ɗan Iya ya hana ni ganinsa. Kafin magariba an rufe shi. Wai motar ce mai aljanu, ita ta ci shi. Wane aljani? Aljani bai da aikin yi sai kwancen taya?"

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Motar 'yan sanda a bakin kwalta ta tsaya, don babu hanyar mota zuwa Tudun Kanya. Gona ce manne da gona, gida manne da gona, ba inda za ka ajiye ƙafa ba ka taka kunyar wani ba. Suka bi wata siririyar hanya a jere, tsohuwa a gaba, Sufeto da Kofur a baya.

Marsandin tana nan ƙarƙashin darbejiya a bayan danga, fara da ta koma ruwan ƙashi. Ta karkata ta zauna a kan gindinta na hagu, inda ba taya, kamar saniyar da ta karye. Sufanun kwance noti suna jere a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba, yadda mai su ya bar su. Kajin unguwa suna ta tono ko'ina, amma ba wadda ta shiga inuwar motar. Matan da ke zuwa gaisuwa sai su zagaye ta nesa suna ta'awwuzi.

Mai unguwa Ɗan Iya ya iso da sauri, yana gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Wallahi wahalar banza aka ba ku. Baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwar nan."

"Kai ne baƙin cikin," in ji Inna Zuliha.

"Mai Unguwa, wa ya fara ganinsa?"

"Masu dawowa daga roron gyaɗa. Suka yi ihu, muka taru. Jak ɗin da ya ɗaga motar da shi ne ya zame a rairayi. Ga shi can a yashe muka same shi."

"Da me kuka ɗaga motar?"

"Da azara, mu goma sha ɗaya. Wannan jak ɗin na Turawa ba wanda ya san inda ake maƙala shi. Mun juya shi, mun juya shi, muka haƙura. Muna cikin neman azara ransa ya fita."

"Da ransa kuka same shi?"

Ɗan Iya ya kau da kai. "Yana ɗan numfashi."

Inna Zuliha ba ta san wannan ba sai yanzu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe danga.

Sufeto ya ɗauki jak ɗin. Dogon ƙarfe ne mai mariƙin murɗawa, da wani ɗan hannu da ke hawa da sauka a jikinsa. Hannun yana can ƙasa, ya kai ƙarshe. Jak ɗin da ya zame da kaya a kansa, a sama ake samun hannunsa. Wannan sauke shi aka yi, murɗi bayan murɗi.

Ya tsuguna ya shafa gefen motar daga ƙasa. Yatsansa ya ci karo da wani ɗan murfin roba da ya saje da baƙin fenti. Ya ɓanɓare shi da farce: rami ne daidai hannun jak. Ya mayar ya rufe kafin kowa ya lura. Jak ba ya zamewa ya kuma tsaya rufe rami.

"Akwai wanda Kamilu ke rigima da shi?"

"Ko kaɗan. Garin nan duk dangi ne."

Ƙarya yake yi, kuma ko Kofur ya ga haka.

Sufeto ya kwanta rub da ciki ya haska ƙarƙashin motar da tocilan wayarsa. Wurin da sanyi, da warin baƙin mai. Rairayin ya nuna inda duga-dugan mutum suka yi ta shure-shure, har sun haƙa ramuka biyu. Ya daɗe yana kallonsu fiye da yadda aiki ke bukata. Can kusa da su ya ga wata da'ira a ƙasa, mai zurfi, faɗin faranti.

"Inna, me ake ajiyewa a nan mai zagayayyen gindi?"

"Turmina! Tun ranar da ya fara shiga ƙarƙashin wannan jaraba na sa shi ya rantse ba zai shiga ba sai ya tokare ta da turmina na icen kirya. Har faɗa muke in ina son daka. Bai taɓa saɓawa ba."

"Ina turmin yake?"

A ƙofar madafa suka same shi, a kife. A bakinsa akwai sabon giris da tsatsa. Inna ta ce ranar Talata da ta fita, a wajen mota ta bar shi.

"Mai Unguwa, wa ya shigo da shi?"

"Ni ban ga wani turmi ba."

"Ku goma sha ɗaya, ba wanda ya ga turmi?"

Ɗan Iya ya shiga gyaran hula.

A zaure Inna Zuliha ta kwance gefen zanenta ta fito da waya. Matar Kamilu ce ta tsince ta a aljihun rigar da aka cire masa.

"Ni ban san kanta ba. Amma komai zai kwance sai ya ɗauke shi hoto tukuna, wai kada ya manta yadda zai mayar. Har dariya nake masa."

Hotuna sun fi ɗari. Noti, waya ja da shuɗiya, cikin inji, tsohon sifirin na ƙafar mota da sabon da ya sayo mai ƙarfi don motar ta iya ɗaukar buhunan gyaɗa. Sufeto ya je na ƙarshe. Talata, ƙarfe biyu da minti arba'in. Daga ƙarƙashin mota aka ɗauka. Ga sifirin a tsakiya, ga turmi tsaye a wurinsa. Can a gefe, cikin hasken rana, ga ƙafafun mutum biyu cikin silifas, dab da jak.

Ya buɗa hoton da yatsu ya miƙa mata. Babban yatsan ƙafar hagu a rabe yake biyu, tsohon tabo.

Tsohuwar ta kawo wayar dab da idonta.

"Fartanya ce ta sare shi yana ɗan shekara tara," ta ce a hankali. "Ni na ɗaure masa. Ni na goya shi zuwa asibitin Bici. Tajuddeen ne, ɗan wan mijina. Uwarsa ta mutu yana goye, nonona ya sha."

"Me ke tsakaninsu?"

"Burtali. Tsohuwar hanyar shanu ce ta bi gefen gonarsa zuwa kwalta. Kowace damina sai ya ci kunya ɗaya, har ya cinye ta. Da Kamilu ya ce zai fitar da mota, dagaci ya ce in an gama kaka a buɗe burtali. Taju ya yi dariya, ya ce wannan gawar ba za ta taɓa tashi ba. To, ranar Juma'ar da ta wuce ta tashi. Duk garin nan sun ji kukanta." Ta miƙa masa wayar. "Shi Taju, 'yar Ɗan Iya yake aure."

Tajuddeen yana cikin masu karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a kan tabarma, ya juya wa darbejiyar baya. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe. Ya lanƙwashe ƙafar hagu a ƙarƙashin riga.

"Ina kake ranar Talata da azahar?"

"Ina Bici, Yallaɓai, sayen buhuna. Ihun mutane na tarar da na dawo."

"Ka taɓa taya shi gyaran motar?"

"Ni? Ban san komai a mota ba. Ko kusa da ita ba na zuwa."

"To, taso ka kama mana azara."

Aka tara maza. Da ƙyar suka yarda, kowa yana tofa addu'a. Suka cusa azara suka ɗaga, Kofur ya mirgino turmi ya tokare a kan tsohuwar da'irarsa. Sufeto ya jefar da jak kusa da ƙafar Tajuddeen kamar bai kula ba, ya cire hula, ya kwanta da baya ya zura jikinsa ciki, har ba a ganin komai sai takalmansa, daidai kan ramukan nan biyu.

Wata mata ta rufe fuska da mayafi.

Can murya ta fito daga ƙarƙashin motar, a daƙushe, ƙarfe ya canza ta.

"Tajuddeen, ɗan ɗaga min ita kaɗan. Ba na gani."

Tajuddeen ya yi wata irin zabura. Kafin kowa ya motsa ya zube a kan gwiwa, ya fizgi jak, ya kai hannu ƙasan motar ba tare da ya duba ba, ya ɓalle murfin roba, ya zura ƙarfen a rami. Ya kama murɗawa da sauri kamar mahaukaci. Mota ta rabu da turmi, ta yi sama, tana ƙara, shi kuwa bai daina ba.

"Ga shi ina ɗagawa, Kamilu! Ga shi ina ɗagawa! Ka daina kirana!"

Kofur ya riƙe masa hannu. Sufeto ya fito yana kaɗe riga.

"Mutum goma sha ɗaya sun rasa ramin nan. Kai da ba ka zuwa kusa da mota, wa ya nuna maka?"

Tajuddeen ya zauna daɓas a ƙasa.

"Shi ya nuna min. Wucewa nake, ya kira ni. Ya ce, Yaya Taju, ɗaga min kaɗan in zura sifirin. Na ɗaga. Sai na ga turmin ya saki, ba komai a kansa. Yana ta ba ni labari daga ciki, wai ranar kasuwa ni zai fara ɗauka a gidan gaba. Ni kuwa kunya huɗu nake gani, tun daga nan har kwalta. 'Ya'yana tara, Yallaɓai, gonar ba ta kai tsakar gidan wani ba. Na sa ƙafa na ture turmin."

"Sai kuma?"

"Na juya mariƙin baya. Ya ce, Yaya, ba nan ba ne, saukewa kake yi. Yana dariya ya faɗa. Ya sake faɗa, ba dariya. Ban tsaya ba." Ya toshe kunnuwansa. "Har yanzu faɗa yake. Ko guga na ja a rijiya sai na ji shi."

"Da aka taru ana neman azara, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Yana numfashi, jak yana gabanka, ka san raminsa."

Tajuddeen ya sunkuyar da kai.

"Turmin fa?"

Ya ɗaga ido ya dubi surukinsa. "Baba Mai Unguwa ne ya gan shi a yashe. Ya dube ni, ya dubi turmin. Ya ce in mayar da shi cikin gida kafin mata su dawo."

Kofur ya danna masa ankwa. Da aka zo wucewa da shi ta gaban Inna Zuliha, ya durƙusa. "Inna..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan. Tashi ka bi su."

Aka sa shi a gaba, aka bi da shi ta gefen gonarsa, ta kan kunyoyin nan huɗu, gyaɗarsu ta nuna ba a cire ba.

Ɗan Iya ya fara ja da baya cikin mutane, yana cewa shi gudun tonon asirin dangi ya yi, gida ɗaya ne, mutuwa ɗaya ta isa. Tsohuwar ta sha gabansa ta damƙi wuyan babbar rigarsa da hannu biyu.

"Sufeto, dawo! Ankwa ɗaya kuka zo da ita? Wancan ya murɗa ƙarfe, wannan ya rufe ƙasa a kai, ya hana ni ganin fuskar ɗana, ya ɗora wa aljani. Kwana uku yana zaune a ƙofar gidana yana karɓar gaisuwa, yana cin tuwon sadaka. Ba zan sake shi ba. Ku tafi da shi, ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa abin da ya gani ya binne. In ba ku da igiya, ga ɗankwalina."