Ruwan Lagireto a Hanyar Maisan

Ranar Laraba ce. Makka ta tashi da zafi tun asuba, ba iska, ba gajimare.

Motoci uku suka fita daga unguwar Tandabawi a jere, za su ƙauyukan kan dutse da ke kudu da Ɗa'ifa sayen ragunan layya, don Hajji ya matso. Malam Tijjani ne a gaba, tsoho ɗan Damagaram da ya daɗe yana bin hanyar. Abdulbaƙi a tsakiya. Mika'ilu a baya da tsohuwar a-kori-kurar ubangidansa, tare da 'yarsa Murja, 'yar shekara shida. Uwarta Rabi tana sharar gidajen alhazai a unguwar Aziziyya, ba mai zama da yarinyar. Dama kuma ta daɗe tana naci a kai ta ta ga birai.

Ta gan su kuwa. A hawan dutsen Hada suna zaune bakin titi kamar masu jiran sadaka. Murja ta yi ta ihu da Larabci, don a Makka aka haife ta, Hausarta ba ta nuna ba.

Suka wuce Ɗa'ifa, suka bi ƙananan garuruwa. Masu zuma a bakin hanya, gonakin inabi, tsofaffin gidajen dutse da ba kowa ciki. A wajen garin Maisan suka yi ciniki, suka loda raguna, suka juyo bayan la'asar.

A wani hawa motar Mika'ilu ta fara huci. Ya tsaya kusa da wani kango. Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, sama ta yi ja. Sauran suka tsaya, Malam Tijjani ya tako a hankali.

"Bar ta ta huce, Mika'ilu."

"Baba, in na jira ta, a nan za mu kwana."

Ya tara babban gwangwani, ya sa tsumma ya kwance lagireto ta ƙasa. Ruwan ya zubo yana tafasa, ja da tsatsa. Ya ɗauko gwangwanin ya nufi gindin kangon, inda wani rami yake tsakanin duwatsu.

"Kai! Almuru ne fa," in ji tsohon. "Yi bisimilla. Ka ce su kau da 'ya'yansu, ga ruwan zafi. Haka uwarka ta koya maka."

Mika'ilu ya yi dariya. "Wannan ai a gida ne, Baba. Aljanun garinmu me zai kawo su nan? Ko iƙama, takardar zaman ƙasa, ba su da ita. Da tuni an kwashe su a mota an mayar."

Ya watsa ruwan.

Ramin ya yi cuu. Wani ƙauri ya taso, ba na tsatsa ba, irin na gashin da wuta ta taɓa. Can ƙasa wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, siririya.

"Ɗan biri ne," in ji Mika'ilu.

Malam Tijjani ya juyo. Ya dube shi, ya dubi Murja, ya koma motarsa.

Mika'ilu ya cika lagireto da ruwan sanyi, suka kama gangara. Hazo ya sauko daga kan dutse. Tun yana ganin jar fitilar Abdulbaƙi a gabansa, har ya daina. Ya duba waya, ba sabis. Hagu dutse, dama rami mai zurfi.

Sai ya lura ragunan sun yi shiru. Tun Maisan suke kuka suna dukan ƙarfe da ƙaho. Yanzu ko motsi babu.

"Baba, moya," in ji Murja. Ruwa take so.

Ya miƙa hannu ya ɗauko gorar da ke tsakaninsu, ya sake ta da sauri. Robar ta yi laushi. Ruwan ciki yana tafasa.

Ya taɓa ɗayar. Ita ma haka.

Ƙaurin nan ya cika motar.

"Baba, wace ce ke goye da jariri a baya?"

Bai duba madubi ba. Ya taka mai. Motar ta yi tari, ta mutu, ta gangara kaɗan ta tsaya da kanta a bakin ramin. Fitilu suka ɗauke.

Murja ta langaɓe a kujera, barci ya kwashe ta nan take kamar an hure fitila.

Ƙofar gefenta ta buɗe. Ba wanda ya taɓa ta.

Mace ce, doguwa, da baƙin zane saƙi irin wanda ya gani a jikin kakarsa. Da tsaga a kumatunta. A bayanta jariri yana wani kuka mara ƙarfi, fatar kafaɗarsa ta saluɓe. A hannunta gwangwanin nan ne da ya yar a gindin kango. Cike yake, yana tururi.

"Sannu, mai iƙama," ta ce. Hausa ce tsantsa, ta mutanen da.

Mika'ilu ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa yana sarƙewa.

"Karanta da kyau," ta ce a hankali. "Ni ma ina karanta ta. Ba zalunci na zo yi ba. Haƙƙina na zo karɓa."

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban san da kowa ba."

"An gaya maka. Da harshenmu aka gaya maka." Ta gyara goyon. "Da ayarin masu zuwa Makka a ƙasa muka zo, tun ba mota. Su suka mutu a hanya, mu muka zauna. Duk Bahaushen da ya tsaya a nan yakan yi mana magana, mu janye yaranmu. Kai ka yi dariya."

Ta ɗaga gwangwanin saitin fuskar Murja.

"Ɗa da ɗa."

"Ita ba ta zuba ba!" Muryarsa ta fashe. "Ba ta ma san maganar ba. Ban taɓa koya mata ba."

"Nawa ma bai san komai ba. Barci yake yi."

Gwangwanin ya karkata.

Mika'ilu ya faɗa kan 'yarsa, ya rufe ta da ƙirjinsa, ya miƙa hannun dama sama.

"Ga wanda ya zuba. Ga shi nan."

Ta tsaya. Jaririn ya ja numfashi.

"In ka janye, sauran nata ne."

Ta fara zubawa. Ba ta yi sauri ba. Siriri take tsiyayawa, daga yatsu zuwa wuyan hannu, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ta sake dawowa.

Ya ciji kujera.

Ya ji ƙaurin naman jikinsa.

Bai janye ba.

Ɗigo ɗaya ya gangaro ta gwiwar hannunsa zai sauka kan kunnen Murja. Ya tare da kumatunsa.

Jaririn ya yi shiru. Gwangwanin ya faɗi kan kwalta, ya gangara, ya faɗa ramin. Bai ji saukarsa ba.

Ragunan suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Fitilu suka kawo. Daga cikin hazo sai ga Malam Tijjani da tocila, yana kiran sunansa. Ya haska hannun, ya kau da kai.

"Ta bar yarinyar?"

"Ta bar ta."

"To, ka yi arha."

A asibitin Ɗa'ifa suka ce lagireto ne ya fashe masa. Bai musa ba. Likitan ya ce yatsun da wuya su ƙara riƙe sitiyari. Abdulbaƙi ya koma ya jawo motar da ragunan. Murja ta farka lafiya lau, birai kawai take tunawa.

Da gari ya waye a Tandabawi, Rabi ta dafa shayi, ta ɗauko sauran ruwan zafin a buta za ta juye a magudanar tsakar gida. Mika'ilu ya taso da hannu a naɗe, ya riƙe ta da hagu. Ya kira Murja, ya tsayar da ita gabansa.

"Faɗi yadda na faɗa. Da Hausa. Bisimillahi, ku kau da 'ya'yanku, ga ruwan zafi."

Yarinyar ta faɗa, tana tuntuɓe da kalmomin. Rabi ta dube su tana mamaki.

Daga cikin magudanar, ƙasa-ƙasa, wata murya ta ce, "Mun kau."

Mika'ilu ya karɓi butar, ya ajiye ta gefe, ya zauna yana gadinta har ruwan ya huce.